Wanda Ya Turo Tifar Jar Ƙasa

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Talata motar ofis ta karya kwana ta shiga layinmu, ta yi tafiyarta sumul ba ta girgiza ba ko sau ɗaya. Na san lokacin daidai domin a saman fom ɗin da ke kan cinyata akwai gurbin rubuta lokaci, ni kuwa ban taɓa barin gurbi a buɗe ba. Na duba agogo, na rubuta, na ɗaga kai. Titin da na bari jiya-jiya da asuba cike da ramuka ya zama shimfiɗaɗɗe, ja wur, tun daga bakin babbar hanya har gindin mangwaron da ke ƙarshen layi.

'Ya'yana, kun sha jin ana ce da ni "Rahila mai sayar da titi" idan mun je Sabon Tasha bikin Kirsimeti. Yanzu da dariya ake faɗa, amma ba da dariya aka fara ba. Ke Ruth kin taɓa tambayata kina ƙarama, na ce miki wasa ne. Ba gaskiya na gaya miki ba. Ga yadda aka yi.

A shekarar ina ɗaliba a poli, ina karatun gine-gine da hanyoyi, aka tura ni koyon aiki na wata shida a sashen ayyuka na hukumar da ke kula da ƙananan titunan unguwanni. Ofishin ya fi kusa da Trikania, don haka ina kwana wurin Anti Laraba, ƙanwar Mama, sai Asabar da yamma in koma gida. A makon farko na fahimci abin da mutanen unguwa ba su sani ba. Kuɗin gyaran titi da ake ware wa sashen a shekara ba ya isa sai layuka ƙalilan, masu neman gyara kuwa sun cika fayil uku. Saboda haka kafin damina ake fita awo. A ƙirga ramukan kowane layi, a auna faɗinsu da zurfinsu, a ba layin maki, sannan kwamiti ya zauna ya ɗauki waɗanda suka fi lalacewa. Ranar da za a je kowane layi sirri ce, domin an taɓa kama wasu suna ƙara wa ramukansu zurfi da diga. Akwai kuma wani abin: duk layin da aka zaɓa, kafin gireda ta shiga sai an auna mita huɗu da rabi daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe saboda magudanar ruwa, duk ginin da ya shigo ciki a shafa masa jan fenti a rusa. Na ga an yi haka a Unguwar Mu'azu, na ga wani tela tsaye da kekensa a rana, rabin shagonsa a ƙasa.

Layinmu, Layin Mangwaro da ke Sabon Tasha, shekara huɗu yana cikin fayil. Baba Danladi, shugaban kwamitin layi, ya kai takardar koke har masu gadin ofis sun san tarinsa. Akwai ramin da ke ƙofar Maman Joy wanda 'yan acaɓa suka sa wa suna Kogin Kaduna. A shekarar kowa ya sa rai, har da ni, domin na ga makin sauran layuka na san babu wanda ya kai namu muni. Idan na wuce ranar Lahadi da Littafi Mai Tsarki a hannu, mata kan ce, "Ga 'yarmu ta ofis." Ni da ba na iya haɗa ido da mutane sai in sunkuyar da kai, amma ina jin daɗi.

Wanda nake aiki a ƙarƙashinsa shi ne Injiniya Bello, dogon mutum mai furfura a gemu, ba ya yawan magana, shi ya sa muka shaƙu. Shi ne a gaban mota a safiyar nan. Ya juyo ya dube ni.

"Malama Rahila, nan ne layin da kika ce akuya ta taɓa nutsewa?"

"Nan ne, Yallaɓai."

"To, akuyar ta huta."

Muka sauka. Na zaro tef ɗin awona daga jaka, sai na ga an naɗe shi a karkace, ba yadda nake naɗewa ba. Na lura, na gyara, na manta. Na taka ƙasar da ƙafa, tana lotsawa, sabuwar zubawa ce ba a ma daddale ta ba. Na ce wa Injiniya ruwan farko zai wanke ta, ramukan suna nan a ƙasa. Ya ce ya sani.

"Amma fom bai tambaye mu abin da ke ƙasa ba. Abin da tef ya gani shi ake rubutawa. In na bar ki ki rubuta rami ashirin inda babu, a layin gidanku kuma, gobe me za ki ce wa mutumin Trikania?"

Na ƙirga ramuka biyu ƙanana can wajen mangwaro inda ƙasar ba ta kai ba. Na auna su, na rubuta biyu. A gurbin ƙarin bayani na cika layi shida da ƙananan rubutu, har na zagaya bayan takarda. Daga baya na gane kwamiti ba ya karanta wannan gurbin, maki kawai ake karantowa.

Abin da ya fi damuna shi ne murnar mutane. Sun fito suna yi mana sannu da aiki. Maman Joy ta kawo wa Injiniya ruwan leda, tana cewa Allah ya saka wa hukuma. A bakinta na ji yadda aka yi. Jiya da rana tifa ta zo sau uku da leburorinta, suka zuba ƙasa suka baje, da aka tambaye su suka ce daga sama aka turo su. Kowa ya ɗauka somin aiki ne, kwalta na tafe. Na leƙa gida, Mama ta ce Baba, mahaifina, tun jiya yana zirga-zirgar bin haƙƙinsu na tsofaffin ma'aikatan masaƙa, bai ma ga zuwan tifar ba.

Bayan mako uku aka liƙa sunayen layukan da za a gyara. Babu namu. Na huɗu a jerin kuwa layin da gidan kansilan mazaɓarmu yake ne.

Ban san wanda ya fara haɗa lissafin ba, amma kafin Asabar ya gama zagaya unguwa: kansila ya turo tifa don a kawar da layinmu nasa ya shiga, kuma wani daga cikin ofis ne ya tsegunta masa ranar awo. Wa suka sani a ofis? Ranar Lahadin na sa wani takalmi mai ɗan tsini da Anti Laraba ta ba ni saboda ya matse ta. A ƙofar coci Maman Joy ta dubi ƙafata, ta dubi matan zumunta.

"Kai, titi ya yi kyau a ƙafa. Rahila, duka layin ne wannan, ko akwai jaka a gida?"

Aka yi dariya. Baba Danladi bai yi dariya ba, shi tare ni ya yi a gindin mangwaro, ya cire hularsa ya riƙe.

"'Yata, ni na riƙe ki ranar da aka yi miki baftisma. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, hannun wa ya rubuta rami biyu?"

"Hannuna ne, Baba."

"Shi ke nan."

Ya mayar da hularsa ya tafi. Bai jira sauran bayanin ba, ni ma ban iya bin sa da shi ba.

A gidanmu akwai wani ɗaki da ba ku tarar ba. Lokacin da aka rufe masaƙar da kakanku ya yi wa aiki shekara ashirin da wani abu, ɗan abin da aka ba shi na sallama bai sayi babur ba kamar abokansa. Bulo ya saya, ya ja ɗaki ɗaya a gaban gida, mai taga tana kallon titi, ya kafa katako biyu a bango don littattafai. Mu bakwai ne a ɗaki biyu, ya ce ya gaji da ganina ina karatu a tsakar gida kusa da kejin kaji. Shi da kansa ya yi yaɓen, shi ya sa bangon ya ɗan karkace. A wannan ɗakin na ci jarrabawar da ta kai ni poli, kuma a cikinsa na kulle kaina ranar Lahadin nan. Na buɗe sabon shafi a littafina, na ja layi da rula, na rubuta a sama: Waɗanda suka san ranar. Na jera huɗu. Injiniya Bello. Direba. Mai buga takardu. Shugaban sashe.

Wata biyu ina bin mutanen nan da ido. Ba na tambaya, ban iya ba, sai dai in lura in rubuta. Direba ya sayi sabuwar rediyo, na rubuta. Mai buga takardu tana rufe fayil idan na shigo, na rubuta. Ranar da kansila ya zo ofis ya shiga wurin Injiniya ya rufe ƙofa, na duba agogo: minti goma sha bakwai suka yi, kuma na ji dariya sau biyu. Mutumin da ya koya mini riƙe sandar awo, wanda yakan raba mini gyaɗarsa a mota, sai na koma ina jin kowace kalmarsa da wata ma'ana. Na tuna yadda ya ce akuyar ta huta. Na ce a raina, ai bai yi mamaki ba. Wanda bai yi mamaki ba kuwa ya riga ya sani.

Har tashar tifa na je, wata Asabar da rana. Aka nuna mini direban da ya kai ƙasa Layin Mangwaro, wani kakkauran mutum yana cin rake. Na tambaye shi wa ya aiko shi. Ya daɗe yana kallon fuskata, kallon da ban gane ba a lokacin.

"'Yan mata, ke 'yar layin ce?"

"E."

"Wanda ya aiko ni ya ce ko Fasto ne ya tambaya kada in faɗa. Ki je gida."

Na rubuta: an toshe masa baki. Babban mutum ne.

Sai damina ta sauka. Ruwan farko ya kwashe jar ƙasar nan gaba ɗaya ya tura ta cikin kwalbatin da ke ƙasan layi, ya toshe shi. Ramuka suka dawo, ruwa kuma ya rasa hanya ya shiga gidajen gangare. Maman Joy ta yi asarar katifu biyu da buhun garin da take sana'a da shi. 'Yan acaɓa suka daina shigowa ko nawa za ka ba su. Da ciwon matar Baba Danladi ya tashi, a kan kujerar roba maza huɗu suka ɗauke ta zuwa bakin hanya, suna zamewa a taɓo, ina kallo ta tagar ɗakina. Mata suka daina amsa gaisuwar Mama yadda suka saba. Baba kuwa ya ɗauki shebur da baro, kowace Asabar tun safe yana cikin kwalbatin nan shi kaɗai yana kwashe laka, mutumin da ke fama da ciwon baya. Mutane suka ce kunyar 'yarsa yake biya. Ni ma haka na ɗauka, kuma ganinsa a cikin lakar nan ne ya sa na yi abin da na yi.

Na rubuta wa shugaban sashe takarda, shafi huɗu. Ban ce Injiniya ya karɓi komai ba, na fi ƙarfin in rubuta abin da ban gani ba. Na dai jera mutum huɗun da suka san ranar, da ranaku da lokuta, da minti goma sha bakwai ɗin nan, da dariya biyu, na bar mai karatu ya kai kansa inda nake so. Yanzu na san wannan ya fi ƙarya muni. Aka ba Injiniya takardar tuhuma. Aka cire shi daga awon tituna aka mayar da shi kula da ma'ajiyar kayan aiki har a gama bincike, binciken da ba a taɓa gamawa ba.

Ranar Juma'ar ƙarshe ta koyon aikina dole na kai masa littafin koyon aikin ya sa hannu. Na same shi a ma'ajiya tsakanin gangunan kwalta. Ya karɓa, ya duba kowane shafi kamar yadda ya saba, ya gyara mini wani lissafi da jan biro, ya sa hannu. Ina ta jira ya yi faɗa.

"Na karanta takardarki. Rubutunki da kyau. Kansila ya zo ne neman a ɗauki ƙaninsa aikin gadi, na ce ba ni ke ɗauka ba."

Ya miƙo mini littafin, ya ci gaba.

"Abu ɗaya na ga ya ɓace a ciki, kuma na yi mamaki, ke da ba kya barin gurbi. Kin ce mutum huɗu suka san ranar. Mu biyar ne a ofis muka sani. Ke fa, Malama Rahila, wa kika gaya wa?"

Na ce babu kowa. Na faɗa da sauri, na fito. Sai da na hau bas ɗin Sabon Tasha, muna tsaye a cunkoso, abin ya dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Lahadin da ta gabaci awon, muna cin tuwo da rana bayan sujada. Ina ba su labarin telan Unguwar Mu'azu da jan fenti. Mama ta ce Allah sarki, sannan ta ce, mu namu yaushe za ku zo? Na ce Talata, amma kada a faɗa wa kowa. Baba bai ɗago daga kwanonsa ba. Ya ce, mita nawa kika ce ana aunawa daga tsakiya? Na ce huɗu da rabi. Ya ce to. Da yamma na tafi taron matasa a coci, na bar jakata a kan gado, da tef a ciki.

Kafin in gaya muku abin da ya faru washegari, bari in faɗi abin da ya biyo baya, don kada ku ɗauka na fita da hannu mai tsabta. Na koma wurin Injiniya Bello na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, amma a ma'ajiyar nan ya yi ritaya. Na rubuta takarda ta biyu ina janye ta farko, aka sa ta a fayil. Mutanen layi kuwa ban ce musu komai ba, har Maman Joy ta tsufa, har Baba Danladi ya rasu yana amsa gaisuwata da ka kawai. Na zaɓi in riƙe sunan. Bayan shekara shida aka zo aka yi titin, aka shafa jan fenti a gida tara, har da namu da na wasu da suka fi kowa zagina. Lokacin na riga na gama karatu na yi aure. Kakanku ya rasu bara, Mama kuma ta ce in rubuta, ta gaji da jin ana kiran jikokinta 'ya'yan mai sayar da titi.

Asabar ɗin da safe an ɗan yi yayyafi. Na ɗauki tef na fita ƙofar gida. Na nemi tsakiyar titi, na kafa tsinke, na ɗora dutse a kan bakin tef ɗin, na fara ja da baya zuwa bangon ɗakina. Dutsen ya ƙi riƙewa, tef ya yi ta zamewa a laka. Sau uku ina komawa. A na huɗun sai na ji tef ya tsaya cak. Na waiwaya. Baba ne, ya dawo daga kwalbati da baronsa, laka har gwiwa, ya tsuguna a tsakiyar titi ya danne bakin tef ɗin da babban yatsa, daidai inda ya kamata, ba tare da na nuna masa ba.

Na ja har bango. Mita uku da ɗan kai. Jan fentin zai wuce tagar ya bi ta tsakiyar ɗakin, ya raba katakon littattafaina biyu.

Muka tsaya haka, shi a can ni a nan, tef a miƙe tsakaninmu. Wata mata ta wuce da tulu ba ta gaishe mu ba. Ni da ban taɓa yi wa Baba tambaya kai tsaye ba tun ina yarinya, na ji muryata ta fita.

"Baba, kai ne?"

Bai saki tef ɗin ba. Ya dubi bangon da ya yaɓa da hannunsa, sannan ya dube ni.

"Ni ne. Na sayar da kekena da akuyoyin Mamanki biyu. Na ɗauka za a ce hukuma ce ta zuba, shekara ta wuce, ki gama karatunki a ɗakinki. Ban san ruwa zai kai ta kwalbati ba, ban kuma san sunanki za a kira ba. Da aka fara kira na tashi in je wurin Danladi, sau uku ina kaiwa ƙofarsa ina dawowa. Shekara ashirin da shida na yi ina saƙa wa mutane yadi, Rahila, da aka rufe ƙofa ko ƙyalle ban fito da shi ba. Ɗakin nan kaɗai na taɓa yi da na ce nawa ne na ba wani."